Ra'ayinmu: Waƙar Auta

Duk wanda ya taɓa zama inda ake hirar kiɗan Turawa irin wanda ake kira rok, ya san akwai gardama guda wadda ba ta ƙarewa, watau wace ce ta fi daɗi a cikin waƙoƙin Beatles, ƙungiyar nan ta samari huɗu 'yan birnin Libaful na ƙasar Ingila. Wani ya ce "Yesterday", wani ya ce "Let It Be", wani kuma ya kafe a kan "Hey Jude", wadda ta yi mako 9 tana kan gaba a kasuwar faya-fayen Amurka cikin 1968. A da gardamar baki ce kurum, kowa ya tashi da ra'ayinsa. Amma tun daga ƙarshen 2015, sa'ad da aka buɗe waƙoƙin ga masu saurare kai tsaye ta intanet, sai aka sami abin ƙirga. Cikin 2023 "Here Comes the Sun" ta zama waƙarsu ta farko da aka saurara sau biliyan 1 a dandalin Spotify. Wanda ya tsara ta kuwa shi ne autan ƙungiyar, George Harrison, mutumin da ya yi shekaru yana jiran a ba shi fili. Wannan shi ne abin da muke so 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata su tsaya su duba tare da mu.

An haifi John Lennon da Ringo Starr a 1940, Paul McCartney a 1942, shi kuwa Harrison a 1943. Lokacin da McCartney ya kawo shi cikin ƙungiyar a 1958 bai wuce shekara 15 ba, har Lennon ya yi ta ɗari-ɗari da karɓarsa don yana ganin yaro ne. An karɓe shi saboda ya iya jita, amma kallon yaron nan bai bar shi ba har ƙungiyar ta watse. Lennon da McCartney su ne masu tsara waƙa, su ne sunansu ke haɗe a jikin faifai, su ne kuma George Martin, mai kula da ɗaukar waƙoƙinsu, ya fi mai da hankali a kansu. Harrison galibi rabonsa waƙa ɗaya ko biyu a babban faifai. Ya sami uku a faifan Revolver na 1966, ya sami huɗu daga cikin 30 a tagwayen faya-fayen 1968. In aka haɗa duka, a cikin waƙoƙi sama da 200 da ƙungiyar ta ɗauka, nasa 22 ne.

Kada a ce mun yi wa manyan biyu rashin adalci. Ko shakka babu gwanaye ne, kuma da bazarsu ƙungiyar ta yi rawa har duniya ta san ta. Gaskiya ne kuma waƙar Harrison ta farko, "Don't Bother Me" ta 1963, ba ta kama ƙafar nasu ba. Inda muke ganin laifinsu shi ne, yaro ya girma a gabansu ba su lura ba. Su biyu suna da juna, wannan ya kawo ɗango wancan ya gyara masa, alhali shi yana koyo shi kaɗai a ɗaki. In ya zo da waƙa sai an gama da tasu tukuna, sa'an nan a waiwaye shi a gurguje. Abin ya kai har sai da ya gayyato abokinsa Eric Clapton ya kaɗa jita a "While My Guitar Gently Weeps" cikin 1968, domin ya ga 'yan'uwansa ba su ɗauki waƙar da muhimmanci ba, ganin baƙo kuwa ya sa kowa ya shiga taitayinsa. Ran 10 ga Janairu 1969 tura ta kai bango, ya fice daga wurin gwaji ya ce ya bar ƙungiyar, sai da aka yi kwanaki ana ba shi baki kana ya komo.

A cikin wannan shekara ta ɓacin rai ce ya tsara waƙar da muke magana a kanta. Kamfaninsu na Apple ya rikice da gardamar kuɗi da lauyoyi da tarurruka. Wata rana, hunturu na ƙarewa, sai Harrison ya ƙi zuwa ofis, ya tafi gidan Clapton, ya ɗauki jita yana yawo cikin lambu, nan waƙar ta zo masa. Zancenta bai wuce fitowar rana ba bayan doguwar wahalar sanyi, abin da duk mutumin Ingila ya san daɗinsa, wanda kuma duk wanda ya taɓa fita daga ƙunci zai gane ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba. Ta fito a faifan Abbey Road cikin Satumba 1969. Lennon ma ba ya cikin waɗanda suka kaɗa ta. Bugu da ƙari, ba a fitar da ita a ƙaramin faifai ba a Ingila ko Amurka, alhali a wancan zamani ƙaramin faifai shi ne hanyar da kamfani ke tallata waƙar da ya ɗora wa buri. Jama'a ce ta tsinto ta daga cikin sauran, ta riƙe, iyaye suka bar wa 'ya'ya.

Ɗaya waƙar tasa a wannan faifai, "Something", ita ce ta farko da aka yarda a sa sunansa a fuskar gaba ta ƙaramin faifan ƙungiyar, shekara 7 bayan fitowar faifansu na farko. Ta hau kan gaba a Amurka, har Frank Sinatra ya riƙa rera ta. Sai dai yabon ya zo a makare. Cikin Afrilu 1970 labari ya bazu cewa ƙungiyar ta watse, a Nuwamban shekarar kuma Harrison ya fito da All Things Must Pass, faya-faye uku rigis a kwali guda, waɗansu daga waƙoƙin ciki tun zamanin Beatles ya tsara su aka ture. Faifan ya yi na ɗaya a Ingila da Amurka. Ashe rumbu guda cike da hatsi yana cikin gidan, masu gida suna wucewa ta gefensa kullum. George Martin da kansa daga baya ya amsa cewa bai ba shi kulawar da ta kamata ba.

Ba mu ce yawan masu saurare shi ne ma'aunin kyan waƙa ba, domin sau da yawa jama'a kan ruɗu da abin yayi. Amma yayi shekara ɗaya ko biyu yake yi ya wuce. Waƙar da ta haura shekara 50, wadda jikokin masu sayen faifan farko suke nema da kansu, alhali mai ita ya rasu tun 2001, ta wuce a kira ta yayi.

To, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne, halin da ya danne Harrison ba a Ingila kaɗai yake ba. Duk inda mutane suka taru don aiki, ko kwamitin ɗalibai ne ko ofishin gwamnati, akwai wanda aka saba jin bakinsa, akwai kuma wanda ake ce wa ya dakata tukuna bai kai ba. Girmama na gaba tarbiyya ce da ba mu so a yar. Amma babban da ya san ciwon kansa yakan tambayi na ƙasa da shi abin da ke ransa tun ana tsakiyar taro, kafin kowa ya fara tattara takardunsa. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu iya magana, shi ke tsone maka ido. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu, da ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ku tuna cewa ƙungiyar da ta fi kowace suna a duniyar kiɗa ta yi hasarar waƙoƙi masu yawa saboda ba ta saurari autanta ba.

Ku kuma ƙanana, akwai naku rabon a labarin. Harrison bai zauna yana ƙorafi kawai ba, ya ci gaba da rubutu ko da ba a karɓa, har hannunsa ya faɗa. Ya kuma san darajar guminsa. Da yarjejeniyarsa da kamfanin Northern Songs ta ƙare a 1968, sai ya mai da waƙoƙinsa ƙarƙashin kamfanin kansa, Harrisongs. Shekara guda bayan haka Northern Songs ya kuɓuce wa Lennon da McCartney, har Michael Jackson ya sayi haƙƙin yawancin waƙoƙinsu a 1985 a kan dala miliyan 47.5, shi kuwa auta waƙoƙinsa biyu na Abbey Road suna hannunsa. Saboda haka ku gyara aikinku tun ba a tambaye ku ba, ku adana shi, ku san inda kuke sa hannu. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba na baya haƙuri da himma, amin.