Kontagora da Zugurma: A tsara ƙasa kafin a gama rabe ta

Duk matafiyin da ya tashi daga Mokwa ya nufi Sabuwar Bussa sai ya ratsa Zugurma, garin manoma a Ƙaramar Hukumar Mashegu da ke ƙarƙashin Masarautar Kontagora. A gefe guda akwai dajin da aka haɗe da na Borgu a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa Gandun Dajin Tafkin Kainji, a ɗaya gefen kuma gonakin masara da dawa da shinkafa da doya ne, ga itatuwan kaɗanya iya ganin ido. Kuɗi na shiga wannan yanki, jama'a na ƙaruwa, darajar ƙasa na hawa. Abin da ke damun wannan jarida shi ne cinikin filaye ya yi wa tsarin gwamnati nisa, kuma idan aka bar al'amarin haka, albarkar yau ce za ta zama shari'ar gobe.

Dalilan bunƙasar ba ɓoyayyu ba ne. Neja ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya, kuma tun da Gwamna Mohammed Umar Bago ya hau mulki a 2023 ya sanya noma a gaban komai, yana gayyato masu zuba jari su buɗe manyan gonaki. Kamfanin sukari na Sunti da aka buɗe kusa da Mokwa a 2018 ya riga ya nuna abin da ƙasar yankin za ta iya bayarwa. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa waje na tsawon wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida, kuma Neja na kan gaba a jihohin da ke samar da shi. Ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a watan Oktoban 2024, wadda za ta ratsa jihar. Ɗan kasuwa ba ya jiran a zuba kwalta kafin ya sayi fili. Jin labarin hanya kaɗai ya ishe shi.

Ita kuwa Kontagora, birnin da Umaru Nagwamatse ya kafa a ƙarni na 19, ta daɗe tana cin moriyar zamanta mahaɗar hanyoyin Yawuri da Tegina da Mokwa. Tana da barikin soja, tana da babbar kasuwa, sannan dokar da aka sanya wa hannu a 2021 ta ɗaga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya zuwa jami'a, abin da ke nufin ƙarin malamai da ɗalibai masu neman muhalli. Sai dai akwai wani ɓangare na cikar garin da bai kamata a lissafa shi cikin nasara ba. Mutane da yawa daga Mariga da Mashegu da Magama da Rijau sun shigo ne domin tsira daga 'yan bindiga. Ba a manta da harin da aka kai masallacin Mazakuka a Mashegu cikin watan Oktoban 2021 ba, inda aka kashe masallata aƙalla 18 a lokacin sallar asuba. Manomin da ya bar gonarsa ya zo gari yana haya ya ƙara wa mai gida kuɗin shiga, amma rumbun ƙasa ya ragu da amfanin gona guda.

A nan ne batun mallakar fili ya zama abin tsoro. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin mallakar gargajiya a karkara, har zuwa hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo. Amma akasarin manoman karkara ba su riƙe da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu. Hujjarsu ita ce gado da shaidar mai unguwa da bishiyar da kaka ya dasa a kan iyaka. Dokar ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da amfanin gona. Idan mai jari ya zo daga Abuja ko Legas da taswira da lauya, manomin da kakanninsa suka sare dajin shi ne zai koma ɗan ƙodago a gonar ubansa. Haka makiyayi zai wayi gari ya tarar an shinge burtalin da shanunsa suka saba bi, kuma kowa ya san inda irin wannan rigima take ƙarewa.

Cikin gari ma haka lamarin yake. Ana yanka gonakin bayan gari ana sayarwa fuloti-fuloti ba tare da an ware hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta ba. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya waiwayi Mokwa. A ranar 29 ga Mayun 2025 ambaliya ta share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, ta kashe mutum fiye da 150, ta lalata hanya da gada. Ruwa ba ya karanta takardar ciniki. Hanyarsa ta da can yake nema. Tsakanin Mokwa da Zugurma tafiyar ɗan lokaci ce, kuma ruwan da ya sauka a can shi ne ke sauka a nan.

Abin takaici shi ne yankin na zaune a gindin arzikin lantarkin ƙasar nan. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 an sanya mata injunan da za su samar da megawat 760, ta Jebba da ta biyo baya a 1985 kuma megawat 578. Domin Kainji aka nutsar da tsohuwar Bussa, aka tashi dubban mutane daga garuruwan kakanninsu. Duk da haka mai injin casar shinkafa da mai walda a yankin sun fi dogara da janareta, alhali kuɗin mai ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Aikin madatsar ruwa ta Kontagora da ke Auna, wanda aka fara tun shekarun 1980 domin noman rani, har yanzu manoma na jiran ganin amfaninsa. Hanyar Mokwa zuwa Makera da Tegina da Birnin Gwari ta zama abin kwatance wajen lalacewa da fargaba. Karyewar gadar Tatabu a 2017 ta nuna yadda gada ɗaya za ta iya yanke zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu maso Yamma. Kowane rami a kan hanya ana cire kuɗinsa ne daga farashin buhun da manomi ya sayar, sannan a ɗora shi a kan wanda zai saya a kasuwar Wuse.

Saboda haka muke fuskantar masu karatunmu kai-tsaye, domin da yawansu ne ke rubuta bayanan da ministoci da 'yan majalisa ke yanke shawara a kansu. Ma'aikatar Ayyuka da hukumar FERMA su fifita kammala hanyoyin da ake da su a arewacin Neja, kuma a bayyana wa jama'a layin da hanyar Sakkwato zuwa Badagiri za ta bi da tsarin diyyarta, domin kada waɗanda suka fara ganin taswira a ofis su riga masu gona sanin darajar gonarsu. Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta fito da matsayin aikin Auna da ranar kammala shi. Hukumar HYPPADEC, wadda dokar 2010 ta kafa domin yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, ta mayar da ƙarfinta ga magudanan ruwa da kai wuta garuruwan da ke kewaye da madatsun. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa kuma tana buƙatar ma'aikata da kayan aiki tare da haɗin gwiwar soja, domin dajin Kainji ya zama mafakar masu ɗauke da makamai, kuma sace ɗaliban makarantar Papiri a Ƙaramar Hukumar Agwara cikin watan Nuwamban 2025 ya nuna girman haɗarin.

Gwamnatin Neja ita ce ke riƙe da amanar ƙasar, don haka nauyi mafi girma na wuyanta. Kafin a miƙa wa kowane kamfani dubban hektoci, a fara auna gonakin mazauna wurin a ba su takarda a kan kuɗin da talaka zai iya biya, a shata burtali da mashaya, a rubuta rabon da al'umma za ta samu a cikin yarjejeniyar da kowa zai iya karantawa. Kontagora na buƙatar taswirar gari da za a yi aiki da ita, wadda za ta hana gini a kan hanyar ruwa ko da na wane ne. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Idan aka aiwatar da shi, Mashegu da Kontagora ba su da uzurin rasa rajistar filaye. Mai Martaba Sarkin Sudan na Kontagora, Alhaji Muhammad Barau Mu'azu II, da hakimansa da dagatansa su ne suka san iyakar kowace gona, kuma shaidarsu ce za ta ba wannan rajista ƙarfi.

Ga ma'aikacin da ke tara ɗan abin da ya samu domin sayen gona ko fili a can kafin ritaya, nemansa halal ne, yankin ma yana buƙatar jarinsa. Amma ya binciki asalin filin, ya zauna da magada gaba ɗaya, ya tabbatar ba a cikin gandun daji ko burtali yake ba, ya kuma yi rajista a hukumance. Filin da aka saya da arha daga hannun wanda bindiga ta kora, wata rana 'ya'yansa za su dawo nemansa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.