Gwajin Ciwon Hanta Kafin Aure: Idan Sakamako Ya Fito, Sai Me?

Tun watan Mayun 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, waliyyai da limamai suka sami ƙarin abin dubawa kafin a shafa fatiha. Dokar ta hana ɗaura aure sai ango da amarya sun kawo shaidar gwajin sikila, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C. Manufarta ta dace da abin da Shari'a ta zo da shi na kare rai da zuri'a. Damuwarmu ita ce abin da ke biyo bayan gwajin, musamman a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda asibitin ƙwararru yake da nisa.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. Ke nan idan aka tara auren kaka guda goma, da wuya a rasa mai ita a cikin angwaye da amare. Akasarinsu garau suke ji, domin cutar tana iya yin shekaru tana cin hanta ba tare da ido ya yi shawara ba.

Gwajin gaggawa da ake yi da ɗigon jini yana neman alamar da ake kira HBsAg. Iyakar abin da yake faɗa shi ne ƙwayar cutar tana jiki. Bai san halin da hanta take ciki ba. Idan alamar ta wuce wata 6, cutar ta zauna. Likita zai auna sinadaran ALT da AST, waɗanda ke hawa idan hanta tana jin jiki, ya ƙirga yawan ƙwayar a jini, ya ɗauki hoton ciki don ganin ko hantar ta fara motsewa ko ta yi ƙari. Da waɗannan ake tantance wanda zai fara shan magani irin su tenofovir, da wanda bibiya ta ishe shi. Nau'in C kuwa ana warkewa da ƙwayoyi cikin kusan wata 3.

A nan gizo ke saƙar. Manomin da aka ce ya tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano zai lissafa kuɗin mota da na gwaji, sai ya karkata ga mai tallan magani da lasifika a kasuwa. Wani kuma a fasa aurensa, labari ya zaga gari, har a daina cin tuwo da shi, alhali cutar ba ta bin kwano ko musafaha.

Samun nau'in B ba ya rufe ƙofar aure. Wanda ba shi da ita cikin ma'aurata sai ya karɓi allurar riga-kafi sau uku, a kuma gwada abokan zama da yaran gida. Jariri ya fi kowa shiga haɗari: kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu, cutar takan zauna musu, amma a manya ba ta kai 5 cikin 100 ba. Shi ya sa ake son a yi wa jinjiri allurar farko cikin awa 24. Matar da ta haihu a gida kada a jira da ita sai bayan suna, wanzami kuma ya zo da sabuwar reza. A yankin da masara ke cika rumbu, a kula da fumfuna, domin dafinta yana ƙara haɗarin sankarar hanta ga mai cutar.

Sakamakon gwaji amana ne a hannun liman da waliyyi, ba abin hirar majalisa ba. Sayen takardar bogi kuwa ha'inci ne ga wanda za a haɗa shimfiɗa da shi. Muna kira ga gwamnati ta kawo gwaji na biyu da riga-kafin manya kusa da mutanen Kano ta Kudu, malamai kuma su bayyana wannan a huɗuba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya albarka a aurarrakinmu.