Icirnawa: aikin damina tun da rani ake yin sa

A watan Satumba na shekara ta 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Wannan ishara ce ga Icirnawa da sauran ƙasar Matamaye, domin damina ta sake hali: ko ta yi rowa, ko ta zo da ɓarna.

Ma'aikatar magajin gari ba ta iya tsai da hadari, amma tana iya hana gini bisa hanyar ruwa, ta cika bankunan cimaka tun da kaka, sa'ad da hatsi ke araha, ta kuma tsare gawon da manoma suka raya daga gatari, don shi ke riƙe ƙasa. Ɗan kasuwa ya biya haraji, ma'aikaci ya kai kuɗin wurin aikin nan kafin watan Yuni.