Ku Bar Mana Hazonmu

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai shafukan matasanmu masu ɗaukar hoto a Instagram da Facebook su cika da duwatsu da madatsun ruwa. Ga Kufena ta Zariya, ga Dala, ga Tiga, ga duwatsun Riyom a Filato. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta "mudi", wato hoton da ake so ya sa jikin mai kallo ya yi sanyi, ya tsaya ya yi shiru. Mun daɗe muna kallo muna danna alamar so saboda kara. Yau dai karar ta ƙare. Yawancin hotunan nan ba wuraren da muka sani ba ne. Sama ta zama shuɗi mai ratsin kore kamar an jiƙa ta a ruwan bula, ƙasa ta koma ruwan goro, an baƙanta kusurwoyi huɗu kamar ta cikin bakin tulu aka leƙo. Wanda aka haifa a gindin Kufena, in ka miƙa masa wayar, sai ya karanta rubutun da ke ƙasa kafin ya gane garinsu.

Inda salon ya fito ba ɓoyayye ba ne. Masu ɗaukar hoto a Aislan da Sikotlan da tsibiran Faro ne suka yaɗa shi, kuma a can ya dace da ƙasar. Hazonsu na ruwa ne, mai sanyi, launinsa toka mai ɗan shuɗi. Duwatsun Aislan baƙaƙe ne na aman wuta, gansakuka ta lulluɓe su. Babban birnin ƙasar yana kan digiri 64 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana daɗewa a kwance a gefen sama, haskenta mai laushi. Kano tana kan digiri 12. Waɗannan mutane sun tattara irin gyaran da suke yi wa hotunansu suka ƙulle shi a fayil, suka sa masa suna firiset, suna sayarwa. Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun buɗe irin wannan fayil mun karanta. Jerin lambobi ne kawai: rage kore kaza, karkatar da shuɗi kaza, duhunta gefe kaza. Bai san Kufena ba, bai san watan da ake ciki ba. Abin da aka auna a jikin wani ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Namu hazon ƙura ne. Kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tafki mai girma na zamanin da, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasa mai laushi kamar gari, ta yo kudu maso yamma da ita, wata har ta tsallaka Tekun Atlantika. Idan wannan ƙura ta cika sama, rana takan koma kamar farin faranti, inuwa ta ɓace, komai ya ɗauki launin da ke tsakanin madara da ƙasa. Dutsen da ke kusa ya yi duhu, na bayansa ya ɗan dushe, na can baya ya rage kamar an zana shi da toka a jikin bango. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano da sassafe a watan Janairu ya ga wannan. In dai sanyin jiki ake nema a hoto, ga shi nan Allah Ya ba mu kyauta wata uku a shekara. To me ya sa ba ya fitowa a hotunanmu?

Mai laifi na farko yana cikin aljihunka. Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan ka danna. Tana ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, ta haɗe su, ta haskaka inda ya yi duhu, ta danne inda ya yi haske, ta ƙara kaifin gefuna, sannan ta gyara launi zuwa abin da aka koya mata cewa shi ne daidai. Wa ya koya mata? Mutane irinmu, a ofis, da tarin hotunan gwaji. Mun san yadda wannan aiki yake: abin da ba ya cikin kayan gwajinka, manhajarka za ta ɗauke shi kuskure ta nemi gyara shi. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya don su daidaita launin injinansu da fatarta, kuma an kwashe shekaru fuskokin baƙar fata suna fitowa dunɗum a hoto kafin a waiwayi lamarin. Abin da aka yi wa fatarmu a lokacin fim, shi waya take yi wa samaniyarmu yau. Tana ganin launin ƙasa-ƙasa ya rufe ko'ina, sai ta ɗauka datti ne, ta zuba shuɗi ta wanke shi.

Sai kuma mai hoton da kansa ya zo ya ƙarasa. A 2009 wasu masana kwamfuta uku, Kaiming He da abokan aikinsa biyu, suka fitar da wata dabara ta cire hazo daga hoto. Sun lura cewa a hoton waje da babu hazo, kusan kowane ɗan yanki yana da ɗigon da ɗaya daga cikin launukansa uku, ja ko kore ko shuɗi, ya kusa zama baƙi ƙirin. Inda aka rasa irin wannan ɗigo, hazo ne ya rufe shi, sai a lissafa kaurinsa a ɗebe. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma kyamarar tsaro ko ta mota tana bukatarsa. A 2015 kamfanin Adobe ya sa maɓalli mai irin wannan aiki a Lightroom, mai suna Dehaze. Yanzu ku dubi abin da ke faruwa. Yaro ya yi sammako ya hau Goron Dutse cikin sanyi. Wayarsa ta wanke rabin hazon tun kafin ya ga hoton. Ya koma gida ya ja Dehaze ya kwashe sauran. Hoton ya bushe ƙayau, sai ya ga babu wani sanyin jiki a cikinsa, ya ɗora firiset don ya mayar da hazo. An kori na gida wanda ya rufe Dala, an sayo na Aislan da dala.

Gyaran wannan ba ya bukatar kyamarar miliyoyin naira. Yana bukatar ka karɓe linzami daga hannun na'ura a wurare biyu ko uku.

Ma'aunin hasken kowace kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duniya, in an gauraya ta, launin toka ce matsakaiciya. In ka nuna masa fili mai farin hazo, sai ya rage haske don ya mayar da shi toka, hoton ya fito kamar ruwan wanki. Saboda haka a hunturu ƙara haske ake yi, rabin mataki zuwa mataki ɗaya, wato +0.5 zuwa +1. A farkon damina kuwa, lokacin da hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi kamar shuni, ma'aunin yakan firgita ya ƙara haske har hadarin ya zama fari-fari, barazanarsa ta tafi. A nan ragewa ake yi, -1 ko fiye. Wannan shi ne abin da mai firiset bai taɓa ganewa ba: yana zaton duhu shi ne sanyin jiki, sai ya baƙanta komai rani da damina. Hoton hazo mai haske ne, kuma haskensa ne ke sa mutum shiru. A waya, ka danna allon ka riƙe har awon ya kulle, sannan ka ja ɗan hoton ranar nan sama ko ƙasa.

Na biyu, daidaiton fari. Kada ka bar shi a hannun na'ura. Ka kafe shi a kan hasken rana, wajen 5500, ko alamar rana in babu lamba, launin ƙurar zai tsaya yadda idonka ya gan shi. Na uku, in wayarka ko kyamararka tana ɗaukar RAW, kunna shi. Hoton JPEG matakai 256 kawai yake da su tsakanin baƙi da fari a kowane launi, RAW kuwa yakan kai 4,096 ko 16,384. Hoton hazo kusan dukkansa a cikin 'yar tazara yake zaune, tsakanin toka mai haske da wadda ta fi ta haske kaɗan, don haka da ka taɓa JPEG sai samaniya ta tsattsage ta yi layi-layi. Sauran kuwa sanannu ne: ISO 100, ƙofar haske f/8, in haske ya yi ƙasa ka ɗora kyamarar a kan dutse ko katanga.

Wajen tsara hoto ma aron nan ya cuce mu. Ana buɗe gilashi mai faɗi don a kwaso ko'ina, kamar yadda ake yi a gaban magangarar ruwan Aislan inda dutsen yake tsaye a kanka. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsunmu tsit-tsit suke a tsakiyar fili. Gilashi mai faɗi yakan mayar da Kufena kamar tsibin gyaɗa a ƙarshen gona. Ka ja baya ka jawo da gilashi mai nisa, milimita 100 zuwa 200, ko maɓallin 2x da 3x na waya. Shi ne zai tara maka hawa-hawan nan, na kusa da na tsakiya da na nesa, su jeru a bayan juna. Sannan ka nemi abu ɗaya mai duhu a gaba wanda ido zai kama: kuka da ta zubar da ganye ta bar rassa tsirara, ko giginya, ko rumbu, ko makiyayi da sandarsa a kafaɗa, bayan ka yi masa sallama ka nemi izini. Akwai gawo ma, itacen da ke yin ganye da rani ya zubar da damina, shi kaɗai kore a fili mai launin ƙasa. Firiset ɗin da aka saya aikinsa na farko kashe kore ne, don haka gawon nan shi yake fara mutuwa.

Lokaci kuma ba ya jira a nan. Daga faɗuwar rana zuwa duhu minti ashirin ne da 'yan kai, kuma a daidai nan ladan yake kiran Magariba. Mu dai mun fi ganin albarkar safiya: bayan Asuba ka fita, ka riga rana isa wurin.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce fasaha ce, kowa da idonsa, kuma ai manyan ma suna gyara. Gaskiya ne. Ansel Adams na Amurka ya ɗauki shahararren hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma a shekarun baya ya riƙa wanke shi da samaniya mai duhu sosai fiye da na farko. Ba mu ce kada a gyara ba. Amma Adams ya tsaya a wurin, ya ga abin da ya gani, ya shafe shekaru yana neman yadda takarda za ta faɗi abin. Bai sayi fayil ɗin wani ya liƙa ba. Kai ma gyara naka: ɗan sauke inda ya yi haske da yawa, ɗan ƙara duhun itacen gaba shi kaɗai, goge ɗigon ƙurar da ta hau gilashi. Tazarar haske da duhu ka bar ta ƙasa, don haka ranar take. In hannunka ya kai kan Dehaze, gwada ja da shi baya kaɗan ka ga abin mamaki. Kuma ka tura wa kanka hoton ta WhatsApp kafin ka saki, domin a nan yawancin mutane za su gan shi, bayan an matse shi.

Akwai wata amsar da ta fi wannan nauyi. Wani zai ce wane kyau ne a hazo? Tari ne da mura da faso, lokacin sanƙarau ne, jirage na fasa sauka a Kano, masu asma ba sa barci. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa hoton hazo na gaske yake da nauyin da na aro ba zai taɓa samu ba. Wanda ya girma a nan in ya gan shi, zai ji bushewar leɓe da ƙamshin wutar kara da ake ji da asuba. Shuɗin bula ba ya tuna wa kowa komai sai wani hoton da ya gani a Instagram.

Abin da ya sa muka ɗaga murya ke nan. Wuraren nan ba tsaye suke suna jiranmu ba. Ganuwar Kano tana zaizayewa, ana cin ta da gini. Kududdufan birni ana cike su ɗaya bayan ɗaya. Akwai duwatsu a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da yau ba mai hankalin da zai ɗauki kyamara ya nufe su da asuba, saboda rashin tsaro. Hoton da aka samu aka ɗauka a irin waɗannan wurare wataƙila shi ne za a nema nan da shekara talatin, kuma da yawa daga masu ɗauka suna goge na asali don waya ta cika, su bar wanda aka rina. Daga hunturun bana, duk hoton Kufena mai shuɗiyar sama da ya biyo ta gabanmu a watan Janairu, ba za mu danna masa so ba. Za mu rubuta a ƙarƙashinsa: Malam, don Allah ina na asalin?