Ciyawar da ta cinye makiyayar Amurka, da sha'anin garmani a Nijar

A shekarar 1907 aka fara ganin ta a wata gonar abincin dabbobi a jihar Washinton ta Amurka, kuma ana kyautata zaton cikin irin shuka da aka shigo da shi ta ɓuya. Yau wannan ciyawa da masana ke kira Centaurea diffusa, wadda asalinta gabashin Bahar Rum ne da yammacin Asiya, ta mamaye busassun makiyaya tun daga Kolorado har yammacin Kanada. Ga ƙaya ga ɗaci, shanu ba sa son ta. In ta bushe sai ta karye daga gindi, iska ta yi ta mirgina ta tana zubar da iri.

Feshin magani ya yi tsada a filaye masu wannan faɗi, don haka tun shekarun 1970 aka koma ɗauko ƙwarin da ke cin ta a ƙasarta ta asali. Ƙudajen farko sun cinye iri da yawa, amma ciyawar ba ta ragu ba. Sai a shekarun 1990 wani ƙaramin ƙwaro, Larinus minutus, mai cin ganye da iri duka, ya karya lagonta a wurare da dama.

Sai dai makiyayi bai cika cin riba ba. A filaye da yawa, wurin da ta bari wata baƙuwar ciyawar ce ta gaje shi, Bromus tectorum, mai saurin bushewa da rura gobarar daji. Ƙasar da kiwo ya riga ya gajiyar ba ta da sauran irin ciyawar kirki da zai tsiro.

Duk wanda ya bi burtalolin Maradi da Damagaram ya san irin wannan labari, domin garmani ya rufe makiyaya da yawa, kuma inda kofato ya fi takawa nan ya fi kauri. Ana biyan mutane su tuge shi, wanda aiki ne mai kyau. Amma in ba a watsa irin kyasuwa ko burburwa a wurin ba, aka kuma bar filin ya huta, shi zai dawo da damina. Hutun nan ne mai wuya, tunda gonaki sun matse burtali, kuma garken da ke ƙetaro iyaka ba su cikin yarjejeniyar da ƙauye ya ƙulla.