Wakili, Ina Rasiɗi?



In ka aiki yaro kasuwa da jikka guda ya sayo maka hatsi da gishiri, in ya komo me kake yi? Kana tambayarsa nawa ya kashe, nawa ya rage. Ba ka ce masa ɓarawo ba. Lissafi kawai ka nema, don kuɗin naka ne, kuma yaron kirki ba ya fushi da haka. To, ɗan majalisa, wanda muke ce wa depite, shi ma ɗan aike ne. Jama'a suka aike shi, da kuɗin lampo da na duwan ake biyan sa. Amma ranar da ka tambaye shi abin da ya kashe da sunan aiki, sai ka ga fuska ta sake. Sai a ce maka ba ka da kunya, ka yarda da manyanka. Maganata a nan guda ce: wakilin da ya ƙi nuna rasiɗi bai cancanci yarda ba, ko da bai ci ko dala ba.

Kada ka ɗauka wannan ciwon ƙasashen matalauta ne kaɗai. Bari in ba ka labarin abin da ya faru a Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, a shekarar 2009. Majalisarsu tana cikin mafi daɗewa a duniya, kuma da ita suke alfahari.

A lokacin, majalisar wakilai ta birnin Landan tana da mutum 646. Albashin kowane ɗaya fam 64,766 ne a shekara, watau sama da miliyon 45 na kuɗin sefa. Ban da albashi, an yarda wa wanda mazaɓarsa take nesa da Landan ya riƙe gida na biyu, a riƙa mayar masa da abin da ya kashe a kan gidan, har kamar fam 24,000 a shekara. Dalilin yana da kyau: mutum ba zai kwana a titi ba don ya zo zaman majalisa. Sai dai su wakilan da kansu suka tsara ƙa'idar, kuma ma'aikatan majalisar da ke ƙarƙashinsu ne ke duba takardun. Wakili yana iya karɓar fam 400 na abinci kowane wata ba rasiɗi. Kafin 2008, duk abin da bai kai fam 250 ba, ba a neman shaidar sayensa. An ba kura ajiyar nama, an kuma rufe ɗakin.

A shekarar 2000 aka yi wata doka a ƙasar, wadda ta ba kowane mutum ikon neman takardun gwamnati ya gani. Ta fara aiki a watan Janairu na 2005. Wata ƴar jarida mai suna Heather Brooke, da waɗansu abokan aikinta biyu, suka nemi a nuna musu takardun kuɗin gida na biyu. Majalisa ta ƙi. Ka duba da kyau, mai karatu, su suka yi dokar, amma da ta taɓa aljihunsu sai suka nemi mafita. A 2007 majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri na fidda kanta daga ƙarƙashin dokar, sai dai ya mutu a majalisar dattawa don an rasa mai ɗaukar sa. Aka tafi kotu, majalisa tana biyan lauyoyi da kuɗin jama'a don ta hana jama'a ganin kuɗinsu. A watan Mayu na 2008 babbar kotu ta yanke hukunci a buɗe takardun. Duk da haka, a Janairun 2009 aka sake yunƙurin rufe su, sai da ƙasa ta ɗauki surutu aka janye.

Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wani ya kwafe takardun duka a faifan kwamfuta, suka kai hannun jaridar Daily Telegraph. Ranar 8 ga Mayu 2009 ta fara buga su, kullum sai sabon labari, har makonni.

Me aka gani? Wani wakili, Peter Viggers, ya nemi a biya shi fam 1,645, sama da miliyon ɗaya na sefa, kuɗin ɗan ɗakin da ya yi wa agwagi a tsakiyar tafkin gidansa. Ba a biya shi wannan ba, amma neman kaɗai ya isa abin kunya. Wani, Douglas Hogg, ya sa cikin takardunsa kuɗin yashe ramin ruwan da ya kewaye gidansa na ƙauye, fam dubu biyu da ƴan kai, daga baya ya mayar. Ministar cikin gida, Jacqui Smith, har abin toshe kwamin wanka, wanda bai kai fam guda ba, ta sa jama'a sun biya. Waɗansu suka gano wata dabara: bana su ce wannan ne gidansu na biyu, a gyara musu shi, baɗi su ce ɗayan ne, shi ma a gyara. Akwai kuma wanda ya wuce nan. Elliot Morley, tsohon minista, ya ci gaba da karɓar kuɗin biyan bashin gida bayan ya riga ya gama biyan bashin. Duk wannan kuwa a lokacin da bankuna suka durƙushe, talakawa suna rasa aiki, waɗansu suna rasa gidajensu.

Ranar 18 ga Yuni majalisa ta fito da nata takardun. Sai ga su an shafe wurare da yawa da baƙin tawada, har da adireshin gidajen. Da waɗannan kaɗai aka samu, da ba wanda zai gane dabarar sauya gida. Ka ga ke nan, nuna rabin lissafi ɗan'uwan ɓoye shi ne.

Abin bai tsaya a surutu ba. Shugaban majalisa, Michael Martin, ya sauka ba da son ransa ba, abin da ba a gani ba tun shekarar 1695. Ministoci suka bar kujerunsu. Aka sa wani tsohon babban ma'aikaci, Thomas Legg, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. A rahotonsa na Fabrairun 2010, an ce wa wakilai kusan 400, na lokacin da na da, su mayar da kuɗi, jimilla sama da fam miliyon ɗaya. Firayim minista Gordon Brown kansa an ce ya mayar da sama da fam 12,000. A 2011 aka ɗaure mutum huɗu da suka yi zama a majalisar wakilai da biyu na majalisar dattawa, a 2013 aka ƙara ɗaure wani. Da zaɓen 2010 ya zo, wajen wakilai 150 ba su sake tsayawa ba. Aka kuma ƙwace lissafin daga hannun majalisa, aka ba wata hukuma mai zaman kanta, IPSA, wadda ke duba abin da kowane wakili ya nema, ta buga shi a intanet kowa ya gani.

Yanzu bari mu auna hujjojin da masu ɓoyo suke kawowa, don ko a ina kusan iri ɗaya ne.

Ta farko, suna cewa doka ba ta hana ba. Wannan ita ce amsar da wakilan Ingila da yawa suka bayar, kuma ga mafi yawansu gaskiya ce. To, amma wa ya rubuta dokar? In mai awo shi ya sassaƙa tiyarsa, shi ke awo, shi ke shaida, ba ya iya kare kansa da cewa tiya ta cika. Ƙa'idar da mutum ya yi wa kansa a ɓoye ba ta wanke shi.

Ta biyu, suna cewa kuɗin kaɗan ne. Lalle fam miliyon ɗaya ba kome ba ne a ƙasar da ke kashe ɗaruruwan miliyoyin dubbai a shekara, har ma aikin binciken Legg ya ci kuɗi kusan daidai da abin da aka ce a mayar. Sai dai mutum ba ya auna amana da yawan abin da aka ɗauka. Matar da ta kama ƴar aikinta tana rage gishiri ba za ta ba ta mabuɗin rumbu ba. Talaka bai san yadda ake lissafin kasafin ƙasa ba, amma ya san farashin ɗakin agwagi, ya san kuma abin da ya rage a tukunyarsa.

Ta uku, suna cewa aikin wakili yana cin kuɗi. Wannan ban musa ba. Depiten da zai tashi daga Gure ko Birnin Ƙwanni ya zo Yamai yana bukatar mai, yana bukatar masauki, yana bukatar mai rubuta masa takardu. In aka hana shi, masu arziki kaɗai za su iya wakiltar mu, ɗan manomi da malamin lakkol su koma gefe. A biya shi, a biya shi da kyau. Amma a faɗi adadin a fili, a kuma nuna inda kowace jikka ta tafi. A Ingila an daɗe ana jin tsoron ƙara albashi a gaban jama'a, sai aka bar ƙofar baya a buɗe. Ƙofar bayan ita ta jawo musu abin da suke gudu.

Ta huɗu, suna cewa tonon asiri yana zubar da mutuncin majalisa, yana sa mutane su ƙi siyasa. Wannan hujja ta fi sauran haɗari, don tana ɗora laifi a kan wanda ya kunna fitila. Shekara huɗu majalisar Landan ta yi tana kokawa da ƴan jarida. Da ta buɗe takardun tun 2005, da an ga masu laifi, an hukunta su, an wuce. Da ta ƙi, sai zargi ya rufe kowa. Akwai wakilai masu gaskiya waɗanda ba su taɓa neman abin da ba nasu ba, amma su ma suka sha zagi a titi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle in an hana a zuba garin a faifai a tsince. Mai gaskiya shi ya fi kowa riba in an buɗe lissafi, saboda haka wanda ya tsaya kai da fata sai an rufe, shi ya ba mu dalilin zarginsa.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga wannan magana. A shekarar 2008 ƴan majalisar dokokin Nijar suka amince da dokar alawus da sauran alfarmomi na kansu. Ƙungiyoyin fararen hula suka tashi, kotun tsarin mulki kuma ta ce dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki. A 2011 aka sa hannu a kan dokar ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma, a nan Nijar da kuma maƙwabciyarmu Najeriya. A can ma sai a 2018 wani sanata daga Kaduna, Shehu Sani, ya faɗa da bakinsa cewa kowane sanata yana karɓar naira miliyon 13 da rabi a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. Doka dai takarda ce. A Ingila ma da ba a sami masu naci ba, waɗanda suka yi ta rubuta wasiƙa, suka yi ta komawa kotu, da tana nan kwance cikin akwati.

A nan ne aikinka yake, kai da ka zauna ajin yaƙi da jahilci ka koyi baƙaƙe da alƙaluma. Da can in an nuna maka takarda sai ka dangwala yatsa, ka ce Allah ya sa gaskiya ne. Yau kana iya karanta ta. Ka fara daga gida. Ma'ajin koperatib ɗinku zaɓaɓɓe ne, haka na kwamitin rijiya, haka na ƙungiyar iyayen yara ƴan lakkol. In sun ce sun tafi Maraɗi ko Tawa don aikin ƙungiya, a karanta kuɗin mota da na abinci a gaban taro, a liƙa takardar a bango. Kada ka ji nauyi don ma'ajin kawunka ne ko surukinka. Rasiɗi shi zai kare sunansa ranar da magulmata suka tashi.

Duk ranar da wani ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a, ka bar zancen turmin atamfa da sabulu, ka yi masa tambaya uku. Nawa za a riƙa biyan ka, albashi da alawus gaba ɗaya? Wa zai duba lissafinka wanda ba ya ƙarƙashinka? A ina zan je in karanta shi da idona? In ya amsa, ka rubuta amsar, ka ajiye, ka fiddo ta in ya komo. In ya yi fushi, ka gode wa Allah da ya nuna maka halinsa tun kuɗinka bai shiga hannunsa ba.

Allah ya ba mu wakilai masu riƙon amana, ya ba mu kuma ƙarfin halin tambayarsu. Amin.