Sikelin Filin Jirgin Sama Ba Ya Karɓar Roƙo

Duk shekara idan lokacin tafiya ƙasa mai tsarki ya zo, ko na masu zuwa Makka ko na masu zuwa Urushalima, kuka ɗaya muke ji daga bakin mutanenmu na Kafanchan da Zonkwa da Kachia da Kwoi: wai ma'aikatan jirgin sama ba su da tausayi. An ɗora jaka a sikeli, sun ce ta zarce da kilo biyar, an roƙe su, an haɗa su da Allah, sun ƙi. A ganinmu, a wannan magana ma'aikatan ne ke da gaskiya, kuma mutumin Kafanchan ya kamata ya riga kowa gane dalili.

Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun 1927 da dogo ya bi ta nan ya isa Jos, a nan mahaɗar take, kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe za su gaya maka cewa yawan taragun da kan jirgi zai ja ya hau tudun Jos da su a ƙayyade yake, ba a ƙara masa ko ɗaya don ganin idon wani. Direbobinmu masu dakon citta ma sun san abin da Hawan Kibo ke yi wa motar da aka cika wa lodi. Amma fa ita mota idan numfashinta ya ƙare a tsakiyar hawa, yaron mota zai diro ya sa mata weji, a huta, a rage kaya. Jirgin sama ba shi da weji.

Bari mu dubi abin da ake nema daga gare shi. Babban jirgin nan Boeing 747-400, irin wanda ya daɗe yana jigilar alhazan Nijeriya, idan ya cika da mutane da kaya da mai, nauyinsa yakan kusanci tan 400, watau kamar tirela goma sha uku masu tan talatin-talatin. Kafin wannan nauyi ya rabu da ƙasa sai jirgin ya yi gudun wajen kilomita 290 a awa, kuma sai ya ci titi na kimanin kilomita uku. A cikin gudun nan akwai wani mataki wanda in an wuce shi ba sauran taka birki, domin ragowar titin ba zai isa tsayawa ba. Ko da inji ɗaya ya mutu, dole a tashi. Saboda haka doka ta ce kada a ɗora wa jirgi nauyin da zai hana shi ci gaba da hawa da ragowar injinansa: mai inji huɗu ya iya hawan aƙalla mita 3 a kowace mita 100 da ya yi gaba, mai inji biyu kuwa mita 2.4. Mai karatu ya duba ƙanƙantar wannan rata. Ita ce tsakanin cikin jirgi da rufin gidajen da ke bayan filin.

Wannan lissafi kuwa ba na dindindin ba ne, kowace tafiya sai an sake shi. Fiffike da inji duka da iska suke aiki, iska kuma takan yi shara-shara idan ta yi zafi, haka nan idan wuri yana kan tudu. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, kusa da Jos, yana sama da teku da wajen mita 1,290, inda kaurin iska ya gaza na Legas da kimanin kashi 12 cikin 100. Jirgin da ya tashi da kaya cikin sauƙi a Legas da asuba, in aka kawo shi Jos ko Kano da azahar a watan Afrilu, sai an rage masa mai, ko kaya, ko mutane, ko kuwa a jira sanyin dare. To, a ɗauka fasinja 500 kowanne ya yi dabarar shigar da kilo goma da ba a auna ba. Tan biyar ke nan da ba ya cikin takardar matuƙi, kuma da wannan takarda ya lissafa gudun da zai ɗaga hancin jirgi.

Arewa ta ga abin da ke faruwa idan tashi ya ƙi. Ranar 4 ga watan Mayu, 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC One-Eleven, wanda ya zo daga Jos zai wuce Legas, ya kama gudu a filin Malam Aminu Kano. Babban titin filin ana gyaransa, saboda haka gajeren aka bi, ga kuma zafin bazara. Titi ya ƙare jirgi bai tashi ba, ya faɗa cikin ƙasa, injinansa suka shaƙi ƙura. Ya ɗaga da ƙyar, ya kasa hawa, ya rikito a unguwar Gwammaja. Mutum 73 daga cikin 77 da ke ciki suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, da kuma wasu 30 da ke zaune a unguwarsu ba su sayi tikitin kowa ba. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan matuƙan, domin ba su kammala tashi a cikin tsawon titin da ke gabansu ba. Ba mu ce kayan fasinja ne suka kayar da shi ba. Abin da muke nuni da shi shi ne, ranar da zafi da gajeren titi suka haɗu, ƙaramin kuskure ma ba ya samun wurin gyara.

Na Jidda ya fi wannan ciwo. Ranar 11 ga watan Yuli, 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi hayarsa, ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato. An san wasu tayoyinsa ba su da cikakkiyar iska, amma don gudun jinkiri aka sallame shi haka nan. Da nauyi ya hau kansu a cikin gudu sai suka fashe, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar a jikinsu. Ya juyo zai sauka, bai kai titi ba. Mutum 261, ba wanda ya tsira. Allah Ya jiƙansu.

Mun san akwai abin cewa a ɗaya gefen. Tsohuwar da ta shekara goma tana tara kuɗin wake da citta don wannan tafiya ɗaya tak, ba za ta dawo wa jikokinta hannu rabbana ba, kuma wanda bai san nauyin tsaraba a wurinmu ba bai san mu ba. Mun kuma san cewa ba kowane jinkiri ne na lafiyar jirgi ba. Akwai na sakaci da rashin tsari, kuma wasu kamfanoni sukan fake da maganar nauyi su tatsi fasinja. Wannan abin a yi faɗa a kansa ne, mu ma za mu taya. Sai dai maganinsa a auna kaya a biya, ko a aika da su ta jirgin dakon kaya. Cusa wa mai sikeli wani abu a hannu don ya kau da kai, ko kiran wani babba a waya ya matsa wa matuƙi ya tashi, wannan sayen hatsari ne, da ran mai bayarwa da na mutum ɗari huɗu da ba a yi shawara da su ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jin daɗin alhazai da na masu ziyara na Jihar Kaduna su ajiye sikeli a wuraren bita na ƙananan hukumomin Jema'a da Zangon Kataf da Kachia da Jaba da sauransu, kowa ya ga da idonsa yadda kilo ashirin yake tun yana gida. A kuma yi wa mutane bayanin dalili, da Hausa da Jju da Tyap da Hyam, domin wanda aka ce masa "doka ce" kawai zai nemi hanyar kewaye ta. Ga Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya kuwa, idan za a rufe babban titi don gyara a Kaduna ko Kano ko Abuja, a sanar da wuri, a kuma tsara aikin yadda ba zai faɗa a kan watannin zafi da lokacin jigilar alhazai ba.